Barazanar da ta ci Iliyasu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da motar alhazai ta matse ƙanena Iliyasu a tashar Kudai, a Makka. Allah Ya jiƙansa.

Aikinsa tsayawa bayan bas idan za ta ja da baya. Direba ba ya motsawa sai ya ji Iliyasu ya bugi jikin motar da tafin hannu. Haka tsarin tashar yake.

A hajjin shekarar motoci suka yi ta makara zuwa Mina. Wani babba a kamfaninsu ya tara shugabannin direbobi, ya ce musu da Turanci, "Heads will roll." Ni ɗan ajami ne, sai da na tambaya. Aka ce wai kawuna za su gangara, wato za a kori mutane ba sani ba sabo. Manya ke faɗarta idan abu ya lalace suna neman wanda za su ɗora wa. Iliyasu dariya ya yi. "Yaya, wa zai so nawa? Sanƙo ne, wanzami ma ya sallame shi."

Amma magana zarar bunu ce. Kafin ta sauko tasha ta zama zagi da mari. Baƙon da takardar zamansa ke hannun kafili, wato ubangidan da ya tsaya masa, ya san kora daga aiki kora ce daga ƙasa. Adamu, wani direba mutumin Cadi mai ƙananan yara, shugabansa ya shaƙe masa wuyan riga da safe. Da azahar ya ja da baya bai jira bugun ba, ya haɗa Iliyasu da katanga. Na iske jini a jikin katanga har tsayin ƙirjina. Jama'a sun riga sun rufe Adamu da duka, haƙoransa a ƙasa, yana kiran sunan Iliyasu. Mu mun yafe masa, kamfani ya kore shi. Mai maganar ko jana'iza bai zo ba.

Yanzu jikokina kan karanto mini kalmar a waya, wai don an ci wata ƙungiyar ƙwallo. Da Iliyasu na nan, na san zai ce baki shi ke yanka wuya, sai dai ba kullum na mai shi ba.

Bai bar gida ba, bai bar mota ba. Ya bar ɗansa Usama, wanda yau yake shugabantar direbobi a unguwar Aziziyya. Rannan ina zaune wajensa wani dattijon direba ya iso a makare, ya tsaya yana jiran faɗa. Usama ya miƙe ya ba shi kujerarsa, ya kira shi baffa da Larabci. "Ya ammi, ka iso lafiya? Sha ruwa tukuna."