Badamasi da Hauyar Tawa

Badamasi maƙerin garin Riko ya shekara arba'in yana ƙera hauya, yana kuma noma da ita a sunkuye, har bayansa ya gaji. 'Ya'yansa suka ce bana ya haƙura da gona. Shi kuwa bai san yadda zai ji ƙamshin ruwan farko yana zaune a gida ba.

Da bazara ya ɗaure hauyoyinsa, ya ƙetare iyakar Jibiya zuwa bajekolin garin Tawa. Kwana biyu ba wanda ya taya. Sai wani dattijo, Abdulbaƙi, ya miƙo masa shayi da cuku yana dariya.

"Malam, wannan taka ai sai mai son ruku'u har la'asar! Taso ka ga tamu."

Ya nuna masa wata mai ƙotar da ta fi mutum tsawo, a tsaye ake tura ta. Badamasi ya gwada cikin yashi, ta wuce sulul kamar kwalekwale bisa ruwa. Ya lumshe ido, ya hango geronsa yana rausaya.

Rungume da ita ya dawo gida. Da damina ta sauka, mutanen Riko suka ga tsoho yana noma a miƙe, yana kallon gajimare.