Shu Iri Biyu

Ranar Juma'ar ƙarshe kafin hutun Disamba, ina da shekara takwas, Inna ta shigo ajinmu a Bron, wani gari a ƙasar Faransawa, rungume da babbar roba mai murfi, mayafinta ya jiƙe da yayyafi. Watanmu huɗu kacal da zuwa daga Damagaram. Baba yana karatu a jami'a, a makon kuma ya tafi Paris taro, don haka babu wanda zai karanta mana takardar makaranta. Ni ce na kawo saƙon da baki. Malamarmu ta raba wa kowa abin da zai kawo na walimar aji, da ta zo kaina ta ce "choux". Na sheƙo gida da murna na ce wa Inna an ce mu kawo shu.

A wurinmu shu kabeji ne, kuma Inna a garkar shu ta tashi. Ta yi dariya ta ce, "Ashe Nasara ma sun san daɗi." Ta sayo manyan ƙulli uku ta yanka sirara, ta fito da ragowar ƙuli-ƙulin da ta zo da shi daga gida, wanda ko Baba ba ta bari ya taɓa. Ba ta daka a turmi ba, domin maƙwabcin ƙasa yana buga mana rufi da sanda in ya ji motsi. A tsumma ta ƙunsa ta murje da kwalba, ta yi kwaɗo da albasa da yaji.

Da ta buɗe murfin a kan teburin, tsakanin kek da lemo, warin albasa ya cika ajin. Wani yaro ya toshe hanci, sai dariya ta ɓarke. Malamar ta yi ta ƙoƙarin bayani da hannu cewa wani ɗan cincin take nufi, mai laushi, wanda ake cika cikinsa da kirim. Inna ba ta gane ba, tana ta murmushi tana miƙa cokali. Yarinyar da ke kusa da ni ta tambaye ni ko uwata ce. Na ce "Non", wato a'a, da ƙarfi.

Inna ta rufe robarta ta fita. A gida ba zagi ba duka, kuma da ta dake ni da ya fi mini sauƙi. Kwana uku muna cin kwaɗon nan. Daga ranar ba ta ƙara zuwa bakin ƙofar makaranta ba, sai ta tsaya can tsallaken titi wajen tashar tiram, jirgin ƙasan cikin gari, a cikin sanyi, har in iso.

Wata maƙwabciyarmu 'yar Chadi, Hajiya Falmata, da ke share gidan burodi, ta gaya mata yadda ake yin shu na Faransawa: a tafasa ruwa da man shanu, a tuƙa fulawa kamar tuwo, a fasa ƙwai, a gasa. Duk Laraba Inna sai ta gwada. Amma ta saba da masa, wadda ake tsayawa a kanta, don haka ba ta iya haƙura sai ta buɗe murhun ta leƙa, su kuma da sun sha iska sai su lotse. Takan jera mini su a faranti ta ce, "Rabi, ɗanɗana, wataƙila na lakwal ɗinku haka yake." Na makarantarmu take nufi. Nakan ce na ƙoshi. Kunyar abin da na yi ce ta hana ni ci, ita kuwa ta ɗauka ƙyama ce. Ina da shekara goma sha uku ciwo ya kama ta, ta ce a maida ta gida, can ta rasu.

Yau a unguwar Belleville ta Paris nake aiki, a wani gidan kek, kuma nakan cika shu har hannuna ya gaji. A makarantar koyon sana'ar aka ba mu tarihinsa. Ana cewa wani kuku ɗan Italiya ne ya zo da irin kwaɓin nan tare da wata sarauniya shekaru ɗaruruwa da suka wuce, wasu kuma suna cewa labari ne kawai. Da malamin ya ƙara da cewa mutane da yawa suna ganin an sa masa sunan ne don ya yi kama da ƙaramin ƙullin kabeji, sai na fita na tsaya a bayan gida ina kuka. Ashe Inna ba ta yi nisa da gaskiya ba, kuma babu wanda ya taɓa gaya mata.

Nawa ba sa lotsewa, domin na san ba a buɗe murhu. Amma har yau ban iya cin ko ɗaya ba. Faransancin Inna a ranar nan bai wuce kalma biyar ba, kuma a cikinsu na zaɓi wadda na faɗa.