Sanƙira Ya Ɗaga Muryar Baba

A ƙauyenmu, nan kusa da Gatawa, dattijo ba ya ɗaga murya a taro. Yana magana ƙasa-ƙasa, sanƙira na tsaye gefensa yana maimaitawa da ƙarfi don kowa ya ji. Na tashi ina ganin wannan al'ada a matsayin ado, har ranar da wani ɗan majalisa ya zo yi mana jaje bayan 'yan bindiga sun kashe mutanenmu a gona.

Damina ta kawo jiki, ba mai iya ƙetare rafi ya yi shuka. Abin da gari ke so ɗaya ne: a sa jami'an tsaro a hanyar gonaki kafin ruwan shuka ya wuce. Aka zaɓi mahaifina ya faɗa, don an san ba ya tauna magana. Ni kuwa sai hura hanci nake, ina gaya wa abokai yau za a ga amfanin ƙuri'a.

Ina zaune dab da ƙafarsa, don haka na ji komai. Baba ya ce, "Mu munka zaɓe ku. Gonakinmu sun gagare mu, ɗiyanmu na kwana da yunwa, ku ko ba mu ganinku sai an yi gawa."

Sanƙira ya gyara hula, ya buɗe maƙogwaro. "Dattijo ya ce sun gode! Ya ce ba su taɓa ganin wakili mai tausai irinka ba!"

Aka ɗauki tafi. Mutanen da muka kwana muka tashi da su kan wannan magana, su ne suka fi kowa tafawa. Raina ya ɓaci. Na ɗaga kai ina jiran Baba ya ture al'ada ya faɗa da bakinsa, don muryarsa na kai wa ƙarshen gona in ya ga dama. Sai na ga yana duban bayan taro, inda wasu samari ke jingine da babura. Kowa ya san duk abin da aka faɗa a gari, su ke kai wa 'yan bindiga a daji. Baba ya daɗe yana dubansu, sannan ya zauna.

Da la'asar sanƙiran ya zo zaurenmu, ko kunya babu. Ya durƙusa ya ce, "Baba, motocin ɗan majalisa sun tahi, kai kana nan. Wa za shi tsare ka in maganag ga ta kai daji?"

Na yunƙura zan wanke shi tas, Baba ya daka mini tsawa. Ya juya ga mutumin ya ce, "Allah shi yi ma albarka." Har goro ya ba shi.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Kunyar garinmu nake ji, da ta ubana, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne na kasa cewa sanƙiran ƙarya yake yi. Ba dokar da ta hana Baba magana. An ba shi fili, ya yi, an ma tafa masa.

Da muka shiga cikin gida, Inna na tankaɗe garin dawar da ta rage mana. Ta tsaya ta ce, "Malam, mi sunka ce batun gona?"

Baba ya tuɓe takalmansa, bai dube ta ba.

Ya ce, "Mun yi godiya."