Waken Aji Huɗu

Katako ne kawai ya raba ajina da na Muinat, irin siririn nan da idan yaro ya yi atishawa a can sai a yi masa addu'a a nan. Ni ce Ummakulsum, malamar aji uku a wata 'yar makarantar kuɗi da ke Fagge, ita kuma tana riƙe da aji huɗu. Duk abin da zan faɗa a kanta da kunnena na ji shi, ba don ina so ba.

A Fagge aka haife ta. Mahaifinta, Alhaji Lateef, mutumin Ogbomosho ne, ya tsufa yana sayar da kayan keke a Sabon Gari. Hausar bakinta ta fi tawa gudu. Matar nan ba ta iya zama ba. Kujerarta ta aji ta koma wurin ajiye jaka da alli, kuma idan cunkoson shataletalen Bata ya tsayar da adaidaita sahu, sauka take yi ta ƙarasa da ƙafa.

Koyarwarta ma haka take. Ba ta yarda don an buga ƙararrawa a rufe lissafi a buɗe kimiyya ba. Abu ɗaya take ɗauka ranar Litinin, ta yi ta juya shi har Juma'a, ta fitar da kowane darasi daga cikinsa. Makarantu biyu sun sallame ta a kan wannan. Tamu ce ta uku, kuma hedimasta, Malam Habibullah, ya fara tsuke fuska, don iyaye suna ƙorafin littattafan yaransu ba sa cika da rubutu.

Makon da nake magana, wake ta zaɓa. Ta ce kowane yaro ya kawo ɗanyen wake cikin tafin hannu. Abin da ta manta, ita da aka haifa a unguwar, shi ne babu matar da za ta tura wa malamar ɗanta ɗanyen wake a ƙulle kamar sadaka. A ce me? A ce gidan wane ba a ɗora tukunya?

Litinin da safe ƙanshi ya fara shigo mini ta ƙarƙashin katako. Na leƙa. Kwanuka da kuloli sun cika benci: wake da shinkafa, ɗanwake, ƙosai, alale har kala uku. Mahaifiyar Ebuka ta aiko da nata da kifi a sama. Yarinya ɗaya ce kawai, Raudha, ta kawo abin da aka ce, a ƙullin leda, tana ɓoye shi a bayanta don yara na yi mata dariya.

Kafin ƙarfe tara labari ya isa ofis cewa Anti Muinat ta koma karɓar abinci daga iyaye. Malam Habibullah ya tsaya a bakin ƙofa.

“Malama, nan makaranta ce ko gidan suna? Na ba ki zuwa Juma'a. In ban ga abin da yaran nan suka koya ba, ki miƙa ajin ga wani.”

Na ji tsoro a madadinta, don na san ajin nan ne kaɗai abin da ya rage mata.

Ita ko ta juya ta ce wa yara, “To, abinci ya zo. Mu talatin ne, alale goma sha biyu. Wa zai raba ba tare da an yi kuka ba?” Ranar nan da wuƙa aka koyi rabi da kwata. Nawa yaran kuwa hankalinsu ya tsallaka katako, na yi ta buga tebur a banza.

Da aka wanke kwanuka sai ta hana a tafi da su.

“Ba a mayar da kwano haka nan,” ta ce mini. “Malama Umma, uwata za ta tashi daga kabari.”

“To me za ki zuba a kwano talatin?”

Ta ɗaga ƙullin ledar Raudha. Shi kaɗai ne bai ga wuta ba. Aka samo gwangwanayen tumatur, aka huda gindinsu, aka cika da ƙasa, kowane yaro ya binne ƙwaya biyu ya jera a taga.

Daga nan fitina ta fara. Talata Ebuka ya ce a gidansu akara ake ce wa ƙosai, Raudha ta ce ƙosai ne, gardama ta kai su ga taswira, suna neman garin kakan kowa da hanyar da wake ke bi ya iso kasuwa. Laraba suka rubuta da Turanci yadda iyayensu suka dafa abin da suka aiko, kuma sai da kowa ya koma gida ya tambaya. Iyayen kuwa suka fara aiko saƙo: Malama ta ci abinci, ina kwano? Hajiya Muhibba, wadda ta fi kowa ƙorafi, ta aiko sau biyu a kan kularta mai ruwan goro.

Gwangwanayen nan shiru. Ƙasa kawai.

Muinat ta rame a idona. Ta je taga, ta dawo allo, ta koma taga. Laraba da yamma na kama ta tana tona gwangwani ɗaya da bayan biro.

“Ke kuwa wace irin mace ce? Ko tuwo sai an bar shi ya turara.”

“Dubawa kawai nake.”

“Kashe shi kike yi.”

Washegari yaran da kansu suka naɗa Raudha mai gadi. Na ji muryarta ƙarama ta cikin katako: “Anti, don Allah ki matsa. Ke kika ce saiwa ba ta son a taɓa ta.” Na yi dariya har na manta ina fushi da hayaniyarsu. Alhamis aka tashi ba ko tsiro ɗaya, Muinat ta wuce ni a ƙofa ba ta ko yi mini sallama ba.

Juma'a da safe ihu ya tarbe ni tun daga bakin get. Wake ya fasa ƙasa, kowanne ya sunkuyar da kai kamar mai jin kunya. Uku ne ba su fito ba, kuma kowa ya san biron wa ya shiga cikinsu. Aka auna su da rula, aka zana, aka saka kowane gwangwani a kwanon gidansu. Raudha da ba ta da kwano, Muinat ta ba ta nata na abincin rana. Malam Habibullah ya zo ya tsaya yana kallon yara suna fita a hankali, kowa ya rungume kwano. Sai ya juya ya koma ofis ba tare da ya yanke hukunci ba.

Litinin sai ga Hajiya Muhibba da kanta, da kula mai ruwan goro a hannu, hedimasta na biye da ita. Na ce shi ke nan, an gama. Na manna kunne a katako, ba kunya.

“Malama, yaron nan ya hana ni sakat. Ya ce in an ajiye waken nan a ɗaki zai karkace ya bi haske. Na ce ƙarya ne. To ga shi ya karkace. Yanzu ya zan yi kada ya mutu?”

Sai muryar Malam Habibullah: “Malama, ki amsa wa Hajiya. In kin gama ki faɗa mini abin da za ku ɗauka wannan makon, in rubuta wa iyaye da kaina. Ɗanye za su aiko.”

Da suka fita na ji an sauke jaka ƙasa, an ture kwalin alli. Sai wata ƙara da ban taɓa ji daga ajin nan ba tun da muke maƙwabtaka. Kujerar ce. Na leƙa ta tsagar katako na gan ta zaune, ta rufe fuska da mayafi, tana kuka a hankali, Raudha na tsaye kusa da ita ta rasa abin yi. Na koma na ce wa yarana su yi shiru.