Katin Mai Lamba Tara

Shekara goma sha ɗaya na yi ina riƙe da katunan 'yan wasan ƙwallon unguwarmu a Filinge. Bayan na ajiye alli na bar lakwal, wato makarantar boko, aka ɗora mini aikin, wai ni ne mai kyan rubutu kuma takarda ba ta ɓata a hannuna. Kowane ɗan wasa da katinsa, da hoto da hatimi. Kafin a fara wasa arbit, wato alƙalin wasa, zai jera su, ya dubi kati ya dubi fuska, wanda babu katinsa ba ya taka fili ko ɗan wane ne. A cikin wani gwangwanin biskit nake ajiye su, kuma ba zan ɓoye ba, ina ji da gwangwanin nan fiye da yadda ya kamata dattijo ya ji da gwangwani.

Cikin katunan akwai na wani da na koyar a aji uku. Tun a lokacin ƙafarsa ta fi kansa aiki. Da ya girma wata ƙungiya a Yamai ta ɗauke shi tana biyansa albashi don ya buga ƙwallo, abin da har yau tsofaffinmu ba su gama yarda da shi ba. Da hutun damina yake dawowa ya buga mana kofin hutu, da lamba tara a bayansa. Ranar da zai sauka daga mota sai ka ga magidanta masu 'ya'ya biyar suna rububin riƙe masa jaka. Har waƙa aka yi masa, wadda makaɗa ba su buga wa kowa sai shi.

A daminar da nake magana, gero ya kai gwiwa, shanu suka ratsa gefen gonar mahaifinsa a hanyar Damana. Dattawan da suka je duba ɓarnar daga baya sun ce ba ta wuce 'yan layuka ba. Shi dai mai lamba tara da labari ya iske shi ya hau babur ya tafi, ya tarar da makiyayin yana korar shanun waje, ya rufe shi da duka da ƙotar gatari. Ya karya masa hannun dama wuri biyu, ya fasa masa kai. Mata uku da suka je itace suna tsaye suka ga komai, su ne ma suka yi kururuwa har ya bari. Jandarmomi suka kama shi, ya kwana huɗu a hannunsu, ranar Juma'a alƙali ya yi masa sakin talala kafin ranar shari'a. Lahadi kuwa muna da wasan ƙarshe da 'yan garin Bonkuku.

Makiyayin nan ba baƙona ba ne. Ubansa wani tsohon Bafillace ne da ya fi shekara ashirin yana riƙe mini 'yan shanuna huɗu, ban taɓa zuwa na duba su ba, bai taɓa ba ni dalilin zuwa ba. Biyu daga cikin shanun da suka shiga gonar ma nawa ne. Da aka sauko daga masallacin Juma'a na wuce likita, wato asibiti, na gaishe su. Saurayin yana kwance, an naɗe masa kai, hannun a ɗaure. Tsohon yana zaune a tabarma bakin ƙofa. Muka gaisa, sai ya kira ni Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal a wajenmu, ya ce:

"Mushe, gaskiya ta wai jibi yaron ga shina buga bal?"

Na ce ban ji ba tukuna. Sai ya yi mini bayani a hankali, kamar yadda yake yi in saniya ba ta da lafiya. Shi ba ramuwa yake nema ba, ya bar magana ga alƙali. Amma alƙali ba ya gona ranar nan, matan nan uku su ne idonsa. Kuma matan 'yan gari ne, mazansu 'yan gari ne. In gari ya taru ranar Lahadi ya yi wa mutum kiɗa, ya ɗauke shi a kafaɗa, wace mace ce za ta tsaya ita kaɗai ta nuna shi da yatsa? In kuwa an zaunar da shi, ko na yini ɗaya ne, matan za su san gari bai tsaya masa ba, bakinsu zai buɗe.

Ni da na yi shekara talatin ina koyar da karatu ban hango wannan ba, mutumin da bai taɓa shiga aji ba ya hango mini. Kunya ta kama ni, kunyar kuma ta sa na cika baki. Na ce, "Baba, katin shi na hannuna. Muddin ban ba da shi ba, ba shi shiga hili. Ka kwantar da hankalinka."

Ranar Asabar bayan la'asar kwamitin ƙungiya ya zauna a rumfar shugabanmu, wani Alhaji mai sayar da hatsi. Mu takwas ne. Na san mutanen nan ciki da bai. Su ne masu cika gidan kallon ƙwallon Turai, kuma duk ranar da aka ji an tuhumi wani ɗan wasa a can da dukan mace ko wani abin kunya, su ne masu tashi tsaye suna kumfar baki a kore shi yau yau, ai ɗan wasa madubin yara ne. Na taɓa jin Alhajin da kunnena yana rantsuwa da shi ne mai ƙungiyar, ko takalmi ba zai bar mutumin ya ɗauka ba. To ga shi Allah ya kawo masa irin wannan har ƙofar rumfarsa.

Sai ga Alhaji ya zama lauya. Ya haddato wata magana ta Faransanci daga bakin surukinsa, wai duk wanda ba a yanke wa hukunci ba mai gaskiya ne, yana ta maimaita ta yana karya mata wuya. Wani ya ce Allah kaɗai ya san abin da ya faru a gonar, alhali matarsa na cikin mata ukun. Wani ya ce yaro ne, zuciya ce ta ɗebe shi. Yaron da ya ba shekara ashirin da bakwai baya. Mai horar da 'yan wasa shi kaɗai ya faɗi gaskiya, ya ce in babu lamba tara 'yan Bonkuku za su yi mana wankin babban bargo, kuma na fi ganin girmansa a kan sauran.

Na ce musu ni ban ce a ɗaure shi ba, ɗauri aikin alƙali ne, kuma na yarda tuhuma ba hukunci ba ce. Benci ai ba kurkuku ba ne. Yini ɗaya ya zauna, in shari'a ta wanke shi ya dawo ya buga har ya tsufa. Na tuna musu bara mun dakatar da mai tsaron gidanmu kofi guda cur don ya je ya buga wa wani ƙauye wasa ɗaya ba izni. Mun dakatar da wani wasa huɗu don an gan shi a gona sanye da rigar ƙungiya. Wane alƙali muka jira a lokacin? Alhaji ya gyara hula ya ce wannan daban, waɗancan ƙungiya suka yi wa laifi. Wato rigar ƙungiya in ta sha ƙasa an taɓa mu, hannun mutum in ya karye wuri biyu sai a jira takarda daga kotu.

Da hujja ta ƙare musu sai wani ya yi murmushi ya ce ai kowa ya san shanun wa suka ci geron, Mushe shanunsa yake karewa. Aka yi dariya. Raina ya ɓaci ƙwarai, don rabin maganar gaskiya ce, shanuna ne, kuma ba ni da yadda zan wanke kaina a gaban mutanen da suka riga suka gama shawara tun kafin su shimfiɗa tabarma. Aka ce a ɗaga hannu. Bakwai suka ɗaga, wasu ma hannu biyu suka so ɗagawa. Na tashi na kaɗe rigata na ce su ɗaga ƙafafu ma in sun so, kati ba ya fita.

Lahadi da hantsi sai ga shi da kansa a ƙofar gidana, da baƙin tabarau, da waya a hannu. Ya gaishe ni daga tsaye. Na yi ta jira ko zai tambayi jikin wanda ya daka, ko da na munafunci ne. Ko a jikinsa.

"Mushe, katina niz zo amsa."

"Ka tahi likita ka gano mutumen?"

"Wane mutum? Mushe, Bahillace na fa, shanu nai sunka ci muna hatsi."

Na dube shi, na tuna ni na kama hannun nan na koya masa riƙe alli, na ji takaicin shekarun da na ɓata. Na ce masa ya tafi, ba na ba shi. Ya yi dariya ya ta da babur. Dariyar ba ta dame ni ba a lokacin, na ɗauka ta borin kunya ce.

Da azahar na miƙa wa mai horarwa gwangwanin, na zare kati ɗaya na sa a aljihun gaba. Ban je fili ba, karo na farko a shekara goma sha ɗaya. Na nufi likita ina tafiya ina taɓa aljihu, ina jin kaina wani abu. Kasuwa na watsewa, duk wanda na gamu da shi fili ya nufa, har masu jakai. Na iske tsohon a tabarmarsa, na zauna, na fito da katin na ɗora masa a tafin hannu. Ya juya shi, ya kalli hoton ya daɗe. Bai iya karatu ba amma ya san fuskar. Ya yi mini godiya, ya leƙa ciki ya faɗa wa ɗansa da Fillanci, na ga saurayin ya ɗaga hannun hagu yana gaishe ni.

Muna nan muna hirar ruwan bana sai iska ta kawo mana ihu daga wajen fili. Na ce wasa ne aka fara. Ba a daɗe ba wani ihun ya tashi wanda ya fi na farko, sai ganguna suka biyo baya da waƙar nan da ba a yi wa kowa sai mutum ɗaya. Wani ma'aikacin likita ya wuce da waya a kunne yana murna, na tsai da shi, ya ce ai lamba tara ne ya zura ta farko.

Daga baya na ji yadda aka yi. Alhaji ya ja arbit gefe ya ce kati ya ɓata a hannun tsohon malami, ka san tsufa. Arbit ya ce wa bai san wannan fuska ba a duk ƙasarmu ta Kurfai? Aka tambayi 'yan Bonkuku ko suna da ƙorafi, su da ya kamata su fi kowa murna da rashinsa, suka ce a'a, su dai a bar su su ɗauki hoto da shi kafin a fara. Dokar da na yi shekara goma sha ɗaya ina mayar da yaran talakawa gida a kanta suna kuka, ko minti biyu ba ta yi a tsaye ba. Na raina su gaba ɗaya, da Alhaji da arbit da masu hoto, kuma raina kaina ya fi, don ni ne wawan da ya ɗauka takarda na iya tsai da abin da gari ke so.

Amma a lokacin ban san duk wannan ba. Ina zaune ne kawai a tabarma, ganguna na tashi, na rasa inda zan sa idona. Na fara cewa gobe zan bi matan nan gida gida, ɗaya ma ɗalibata ce, za ta ji maganata. Tsohon ya miƙo mini katin da hannu biyu, cikin ladabi, kamar yadda ya karɓa.

"Mushe, kai ka cika alkawali, ga takarda nan hannunka." Ya saurari waƙar kaɗan. "Amma kada ka wahal da matan ga. Ba su ga komi ba."