Allon da Ba a Shan Ruwansa

Shekarun baya, zamanin da kuɗin man fetur suka shigo gari, kowa na rushe ɗakin ƙasa yana ɗora bulo, muna zaune a Fagge ni da 'ya'yana. Babansu ya riga mu gidan gaskiya, babban ɗana ne ke riƙe da gidan. A wani kamfanin kayan gini yake aiki, can Titin Ibrahim Taiwo, shi ke kula da injin lissafinsu. Injin nan kan tebur yake zaune, girmansa ya kai akwatin lefe, ga maɓallai birjik. Ya iya lissafi, amma bai iya sa shi a takarda ba, sai mutum ya leƙa ya kwafa da hannu.

Ana nan, ana nan, sai Alhajin kamfanin ya ce injin ya tsufa, sabo zai sayo. Sabon kuwa da ma'aikacinsa yake zuwa daga Ikko. Kun ga ke nan in tsohon inji ya fita, ɗana ya bi shi, tukunyarmu ta sauka daga murhu. Yaron nan ya roƙi Alhaji ya yi masa haƙuri zuwa Babbar Sallah.

Ya dawo gida ya ce, "Inna, akwai wata kafa a bayan injin nan. Allo zan yi masa in zura a ciki, in haɗa shi da tafireta mai lantarki, ya riƙa buga lissafinsa da kansa."

Ni kalma ɗaya na ji: allo. Na ce, "Alhamdu lillahi. Boko ta ƙi, an dawo gida."

Ya ce, "Inna, ba irin wannan allon ba."

Na ce, "Allo dai allo ne. Yi alwala kafin ka taɓa."

Ya shiga Sabon Gari wurin masu kayan rediyo, ya sayo wani falle mai fuskar jan ƙarfe da wasu 'yan ƙwayoyi masu ƙafafu kamar kyankyaso. Ya gwada faɗin kafar injin, ya ƙirga haƙoran da ke cikinta, ya zana hanyoyi a takarda, wannan ta bi nan, waccan ta kewaya. Sannan ya ɗauko baƙar tawada ya kwafe zanen a kan jan ƙarfen. To jama'a, allo ga shi, tawada ga ta. Da na ga ya tsoma shi cikin ruwa a roba, ai sai na tafi ɗauko kofi.

Ya yi tsalle ya tare ni. "Inna! Wannan ruwan ƙarfe yake ci. Ko kaza ta sha sai ta mutu."

Na ce, "To wane irin rubutu ne wannan da ba a sha?"

Ya ce ruwan ne ke cinye jan ƙarfen da tawada ba ta rufe ba, ya bar hanyoyin da wuta za ta bi. Na gyaɗa kai. A raina na ce injin ne zai sha, yaron ne dai ba ya son faɗa.

Ya liƙa ƙwayoyinsa da dalma, gida duk ƙauri, ya kai allon kamfani. Da la'asar ya dawo fuska a murtuke. Wai ya zura allon, inji ko tari bai yi ba. Ga Sallah ta matso, har raguna sun fara cika unguwa. Ya zauna kan tabarma, takarda a hannun hagu, allo a dama, yana bin hanya ɗaya ɗaya da tsinke. Komai daidai, in ji shi. Tuwo ya huce a gabansa.

Na tsaya a kansa na daɗe, sannan na ce, "Kai, da ka zo rubutun nan, ta ina ka fara?"

Ya ce, "Ta nan," ya nuna hagu.

Na ce, "Shi ke nan. Ina ka taɓa ganin an fara allo ta hagu? Ta dama ake farawa. Ka yi wa allo rubutun boko, ya za a yi ya karɓa?"

Ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Can sai dariyar ta yanke. Ya dubi takarda, ya juya allon, ya sake juyawa. Ya ce, "Inna, ara mini madubinki."

Ashe zanen takardar, yadda ake ganin allon ta sama ya yi shi, alhali jan ƙarfen a ƙasa yake. Sai an juya zanen kamar a madubi, dama ta koma hagu. Shi kuwa ya kwafe shi yadda yake. Ya koma Sabon Gari ya sayo wani fallen, ya jingina madubina da bango, ya zana sabo. Da idona na ga hannunsa ya fara ta dama. Gyaran murya kawai na yi.

Ana jajiberin Sallah ya shigo da gudu, ko sallama bai gama ba. "Inna, ya buga! Alhaji na tsaye tafireta ta kama bugu ita kaɗai, har ya ja da baya yana salati!" Ba a sayo sabon injin ba sai bayan shekaru, kuma da aka sayo, ɗana aka danƙa wa.

Abin da na ɗauka a nan shi ne, in ɗanka na cikin damuwa, kada ka ce ba ka san aikinsa ba ka koma ɗaki. Tsaya a kansa, ka faɗi abin da ke bakinka, Allah na iya sa albarka a ciki.

Yanzu shi ma ya yi furfura. Har gobe in zancen ya taso sai ya ce wa jikokina, "Inna ta faɗi daidai, amma dalilinta ba daidai ba ne." Ni kuwa sai in ce, "Allon ya karɓa ko bai karɓa ba?" Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ya karɓa, Inna."