Hannun Yaya na Dama

Yayana marubuci ne, kuma duk mai karanta littattafan Hausa ya san sunansa. Labaransa na birane ne da ke ƙarƙashin gulbin Rima, da jirage masu tafiya tsakanin taurari, da mutanen ƙarfe da ke kiwon shanu a duniyar wata. A unguwar Ƙofar Atiku muka tashi, gidan malamai. Baba ya so Yaya ya gaje shi a zaure, bai samu ba. Da littafinsa na farko ya fito Baba bai ce uffan ba, amma na sha ganinsa bayan la'asar yana karantawa, in ya ji motsi ya tura shi ƙarƙashin buzu.

Ni ina da shagon buga takardu a Sama Road. A nan Yaya yake zama da hantsi yana gyara rubutunsa, masu karatu suna zuwa gaishe shi, wasu har daga Yamai. A lokacin an fara karanta littattafansa a rediyo.

Littafin da ya jawo masa masifa labarin wani sarki ne a wata duniya, wanda ya kulle gizagizai yana sayar wa talakawansa ruwan sama. Sarkin cindo ne, yatsu shida gare shi. Ashe wani babban ɗan siyasa a garinmu shi ma cindo ne. Yaya ya rantse mini bai taɓa lura da hannun mutumin ba, na kuma yarda da shi. Amma gari ya riga ya ɗauka, har 'yan acaɓa suna kiran mutumin da sunan sarkin.

Wata rana da hantsi babura suka tsaya ƙofar shagon. Ƙarti suka shigo da gorori da adduna. Na gaba ya dubi Yaya ya ce, "Kai ne ka rubuta wanga littahi?"

Yaya ya ce, "Ni ne. Mi anka yi?"

Sai suka yo kansa. Na miƙe zan shiga tsakani, aka sauke mini gora a goshi, jini ya rufe mini ido ɗaya. Da ɗayan na ga sun fasa kwamfuta, sun kifar da injin buga takarda. Biyu suka danne Yaya, suka shimfiɗa hannunsa na dama a kan tebur, na gaban ya ɗaga gora ya yi ta bugu. Na ji ƙarar ƙashi. Yaya bai yi kuka ba, salati kawai yake yi, muryarsa tana tsinkewa.

Masu gyaran mota da ke kusa da mu ne suka fara kawo ɗauki, da ƙarafa a hannu. Ƙartin suka haye babura suka tsere, sai ɗaya da babur ɗinsa ya ƙi tashi, shi ne kuwa wanda ya yi bugun. Nan take aka yi masa rubdugu. Duwatsu, sanduna, takalma. Bakinsa ya fashe, haƙora suka zuba a kwalta. Wani ya mirgino taya, wani yana kiran a kawo fetur.

Sai na ga Yaya ya fito, hannu yana reto kamar tsumma. Ya ratsa taron ya faɗa kan mutumin, ya rufe shi da jikinsa. Dutse ɗaya ya same shi a kafaɗa kafin mutane su ankara.

Ya ce, "Don Allah ku bar shi. In kunka ƙone shi, da ni za ku ƙone."

Haka ya kwanta a kansa cikin jinin su biyu har 'yan sanda suka iso.

A asibiti aka ɗaure hannun, amma yatsu biyu ba su sake lanƙwasuwa ba. Mutumin da ya yi bugun ya yi zaman kurkuku, bai kuma taɓa faɗin wanda ya aiko su ba. Ɗan siyasan ya aiko da gaisuwa da kwandon lemu, matar Yaya ta mayar da shi.

Ina jinya kusa da gadonsa na tambaye shi abin da ya sa ya ceci wanda ya nakasa shi. Ya ce, "Na kashe mutane da yawa a takarda, ƙanena. Ban san haka jini yake wari ba."

Ya koyi rubutu da hagu, a hankali, kamar sabon ɗan makaranta. Littattafan da ya fitar bayan nan sun fi na baya karɓuwa, an ma fassara wasu. Yanzu a unguwar Minanata yake zaune, ba ya zuwa shagon. Ni nake kai masa aikin da aka buga, mu zauna a tsakar gida yana gyarawa, kullum fuskarsa tana kallon ƙofa.